Watannin Da Wayoyinmu Suka Zama Tocila



A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da namu, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta ce an yi hakan ne don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Da yawanmu ba mu yi gardama ba. Ko shekara ba a cika ba da sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sama da 300, a Disambar 2020. Wanda ya ga wannan tashin hankali, in aka ce ya ba da wayarsa don ya yi barci, zai miƙa.

Sai rayuwa ta canza kama. Masu POS suka kulle shago. Ɗan da ke aikatau a Legas yana da kuɗin turo wa mahaifiyarsa, amma babu hanya. Muka koma rubuta wasiƙa muna ba direbobin tasha, da lambar waya a bayan takarda: "Don Allah in ka shiga sabis ka kira wannan, ka ce Inna na jin jiki." Ta'aziyya kan iso bayan sadakar bakwai. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, idan aka shigo ƙauye cikin dare, babu yadda za a sanar da na gaba su gudu.

Kwanan nan muka karanta cewa an yi irin wannan a ƙasar Sin. Bayan rikicin birnin Urumqi a Yulin 2009, an rufe intanet a yankin Xinjiang na kusan wata goma, har 'yan kasuwa na shiga jirgin ƙasa zuwa lardin Gansu don kawai su buɗe imel. Mun yi dariya, don mu ma mun biya kuɗin mota zuwa Katsina ko Zariya saboda saƙo ɗaya. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Intanet ɗin Sin masana sun bi shi daki-daki. A 2013 Gary King da Jennifer Pan da Margaret Roberts na Jami'ar Harvard suka tattara miliyoyin rubuce-rubucen kafafen sada zumunta na can, suka gano masu tacewa kan ƙyale sukar gwamnati, abin da suke saurin gogewa shi ne duk maganar da za ta tara jama'a wuri ɗaya.

Namu fa, wa ya tattara? Mu da muke kiran kanmu marubuta, da sabis ya dawo, soyayyarmu muka ci gaba da rubutawa daga inda muka tsaya (har da mu masu wannan ƙorafi). Wasiƙun nan kuwa tuni an ƙunshe ƙosai da wasunsu.

Makon jiya muka ɗauki littafin rubutu muka zauna gaban wata gwaggonmu a Faskari, muka tambaye ta ranar da aka ɗauke sabis. Ta ce ita ba ta riƙe kwanan wata ba. Ta dai san masara ta nuna, kuma jikarta ta haihu a Kano, sai bayan suna da kwana tara wani direba ya kawo mata labari, ya ma manta ko mace ce ko namiji.