Makaɗin da Ya Adana Sunayen Mutane, Nasa Ya Ɓata

Bahaushe ba ya son ya ce mutum ya mutu kai tsaye. Sai ya ce ya rasu, ko ya kwanta dama, ko ya riga mu gidan gaskiya. Daga wannan aikatau na rigaya aka gina kalmar marigayi da marigayiya, wato wanda ya yi gaba a hanyar da kowa zai bi. Kalmar ba ta cire mamaci daga cikin ayari, matsayinsa kawai take faɗa. Haka kuma tushen tuna ya haifi tunawa da tunani da tunatarwa, har ya zamana a Hausa aikin hankali gaba ɗayansa an raɗa masa suna daga aikin riƙe abin da ya wuce. Ɗalibin kimiyyar harshe da ya lura da wannan ba zai yi mamaki ba idan ya ga wani fim ɗin zane da aka yi a Amurka game da Meksiko ya taɓa zukata a gidajen Yamai.

Sunan fim ɗin Coco. Kamfanin Pixar ne ya fitar da shi a shekarar 2017, Lee Unkrich ya ba da umarni tare da Adrian Molina, kuma ya sami kyautar Oska biyu a 2018. Labarin wani yaro ne mai shekara 12, Migel, ɗan gidan masu ɗinkin takalma, wanda ransa ke ga kiɗa alhali an haramta kiɗa a gidansu tun zamanin kakar kakarsa, Imelda. Dalilin haramcin shi ne mijinta makaɗi ne da ya tafi yawon waƙa bai dawo ba, ita kuwa ta yage fuskarsa daga hoton iyali, ta hana a ambaci sunansa. A daren bikin tunawa da matattu yaron ya tsinci kansa a ƙasar waɗanda suka rasu, inda ya tarar da wata ƙa'ida: mamaci yana nan muddin akwai mai rai da ya san shi yake kuma ba da labarinsa, ranar da na ƙarshe ya manta da shi sai ya ɓace ɓat. Makaɗin da aka yage, Hektor, saura mutum ɗaya tak ke riƙe da shi, ƴarsa Koko, wadda tsufa ya fara cinye mata tunani.

Bikin da aka gina labarin a kansa na gaske ne. Ana yin sa a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, kuma ya haɗa al'adun mutanen ƙasar na asali da kalandar cocin Katolika da Sifaniyawa suka kawo. Iyali kan shirya tebur mai hawa-hawa, su jera hotunan magabata da kyandir da abincin da marigayin yake so, su watsa fure mai ruwan ɗorawa daga ƙofa zuwa ciki. UNESCO ta sa shi cikin jerin gadon al'adun duniya a 2008. Musulmin Yamai ba ya aje wa mamaci abinci, bai kuma yarda cewa makomar bawa a lahira tana hannun masu tuna shi ba. Abin da yake yi shi ne addu'a da sadaka da ziyarar kabari, kuma duk wanda ya taɓa raka gawa maƙabartar Yantala ya san cewa kaburbura da yawa ba su da wata alama da za ta daɗe. Saboda haka a nan wurin ajiyar magabata baki ne da kunne, wato suna da kirari da waƙa. Ta wannan ƙofa ce fim ɗin ya shigo.

Wata ɗaliba da ke karatun harshe a Jami'ar Abdu Mumuni ta kalli fim ɗin da Faransanci tare da ƙannenta a gidansu da ke unguwar Bukoki. Iyayenta mutanen Adar ne, mahaifinta ya sauka Yamai yana saurayi, ya kama kasuwanci, ya yi aure, ya je Makka. Yara sun yi dariyar ƙwarangwal masu rawa, suka kuma yi dariyar sunan tsohuwar, domin a kunnen Bahaushe koko abin sha ne da safe. Ita kuwa ɗalibar wani abu dabam ya tsaya mata. Tana ƙoƙarin bayyana wa ƙaninta dangantakar Migel da tsohuwar, sai ta ga Hausa ta ba ta kalma idan ana gangarowa: ɗa, jika, tattaɓa-kunne. Migel tattaɓa-kunnen Koko ne. Amma idan ana hawa sama, daga kaka sai a koma haɗa kalmomi, kakar uba, kakan kaka, daga nan kowa ya narke cikin kaka da kakanni. Sifaniyanci yana da kalma guda ga uwar kaka, da wata ga kakar kaka. Da ta gwada hawa tsanin a kan nata gidan, sai ta tsaya a mataki na biyu. Ba ta san komai game da mahaifin mahaifinta ba.

Abin mamakin shi ne sunansa yana cikin gidan kullum. Ƙaninta na biyu shi aka mayar wa sunan, shi ya sa tun ranar suna ake ce masa Baba, mahaifinsu kuma bai taɓa kiran sa da sunan yanka ba. Wannan alkunya ce da kowa ya sani: a raɗa wa yaro sunan kaka don kada sunan ya mutu, sa'an nan a lulluɓe shi da laƙabi irin su Baba, Abba, Ummi ko Inna don kada a kira babba gatsau. Dabara ce mai kyau, tana adana suna tana kuma kare martabarsa. Sai dai tana da rauni guda, domin suna kaɗai take ɗauka, ba ta ɗaukar labari. Idan manya suka yi shiru, yaro zai girma yana ɗauke da sunan mutumin da bai san sana'arsa ko garinsa ko halinsa ba.

Ɗalibar ta bi ta hanyar da al'ada ta buɗe mata, wato wasan jika da kaka. Abin da ɗa ba ya iya tambayar uwarsa, jika yana tambaya cikin raha. Ta zauna kusa da kakarta bayan sallar isha'i, ta ce: "Kaka, wai mijin nan naki da kike ɓoyewa, kishi kike kada in ƙwace shi?" Tsohuwar ta yi dariya, ta ce: "Ke ƴar nema, da kin gan shi da kalangu a hammata ranar kasuwa, da ba ki yi barci ba." Da haka maganar ta fito. Kakan makaɗin mahauta ne, ya gaji kalangu daga ubansa, ya san taken kowane sarkin fawa a kasuwannin yankinsu, ya san wanda ya haifi wane har hawa biyar ko shida. Ɗansa kuwa, da ya zo birni ya ga yadda ake kallon ɗan maroƙi idan ya je neman aure, sai ya rufe babin. Bai yi ƙarya ba, ya dai daina faɗa, shiru ya yi sauran aikin.

Ba a hukunta irin wannan uba da gaggawa. A ƙasar Hausa makaɗi da maroƙi suna da matsayi mai ruɗarwa: ana neman su ranar biki da naɗin sarauta, ana yi masu kyautar riga da doki, amma gidaje da yawa ba sa ba su aure. Mutumin da ya so ƴaƴansa su tsira daga wannan ƙyama yana da hujjarsa, kamar yadda Imelda take da tata, domin ita ce aka bari da jaririya da yunwa. Hausawa ma sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Sai dai sun kuma ce tushiya mafarin dawa. Abin da ke da zafi a lamarin shi ne wanda aka share ɗin shi ne ma'ajin sunayen kowa. Da yawa daga masu sauraro ba za su san Shago ɗan dambe ba in ba don Ɗan Anace ba, kuma waƙoƙin Narambaɗa ne suka kai sunan Sarkin Gobir na Isa garuruwan da bai taɓa takawa ba. A ƙasar Zabarmawa jasare ke wannan aiki, yana kaɗa molo yana jero zuriyar sarakuna, kuma Jeliba Baje na Libore, kusa da Yamai, ya shahara a kansa. Mutumin da ya raya sunayen wasu, sai ga nasa jikokin ba su san shi ba.

Yamai ta san abin da ake nufi da mutum na ƙarshe da ke riƙe da wani abu. Malam Maman Barka, mutumin Teskar, malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi. A 2002 ya sami tallafin UNESCO ya tafi yankin Tafkin Cadi wurin Bukar Tar, tsohon da ya rage cikin masu kaɗa biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffar jirgin ruwa, na masuntan Buduma. Ya koya, ya gaji kayan kiɗan, ya zaga da shi ƙasashen duniya, aka kuma ɗauki sautinsa a faifai. Ya rasu a 2018. Da bai yi wannan tafiya ba, da biram ya zama katako a gidan tarihi, a gan shi a rataye ba a san muryarsa ba. Cibiyar koyar da kiɗa ta Taya tana adana kayan kiɗan gargajiya, Gidan Tarihi na Bubu Hama yana nan tun 1959, kuma tun 1968 birnin yake da cibiyar tattara tarihin baka wadda a yau ake kira CELHTO. Ko a fagen zane mai motsi Nijar tana da nata magabaci, Mustafa Alasan, wanda ya yi Bon Voyage Sim a 1966 da kwaɗi a matsayin ƴan wasa, ya yi Samba le Grand a 1977 daga labarin baka, ya rasu a 2015. Yara da yawa da suka haddace sunayen taurarin Pixar ba su taɓa jin sunansa ba.

Akwai wani ɓangare na fim ɗin da ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Hektor bai guje wa iyalinsa ba. Abokin waƙarsa ne ya ba shi guba a hanyarsa ta komawa gida, ya ɗauke littafin waƙoƙinsa, ya yi suna da su. Waƙar da uba ya tsara a hankali don ƴarsa ta yi barci ita ce aka mayar ta dandali da amo da fitilu, aka manta mai ita. Ba a bukatar guba kafin a yi irin wannan. Ya isa mai bincike ya je ƙauye ya naɗi muryar tsohuwa, ya dawo ya rubuta a ƙasan misali cewa daga bakin wata mata aka ji. Ya isa a buga waƙa da sunan uban kiɗi kaɗai, a bar ƴan amshi da masu ƙari waɗanda sau da yawa su ke saƙa rabin baitocin. Kundin digiri yakan ambaci marubucin Turai da shekara da shafi, amma wanda ya ba da harshen kansa a bar shi ba suna, ba gari, ba rana. Idan mai maganar ya yarda a ambace shi, rubuta sunansa da garinsa da sana'arsa da ranar hira haƙƙinsa ne, kuma yana ƙara wa binciken inganci, tunda karin harshen Adar ba ɗaya yake da na Arewa ko Gobir ko Damagaram ba.

Ɗalibar ta koma wurin kakarta dare uku da wayar hannu. Tsohuwar ta mance abubuwa da yawa, takan rikita sunayen jikokinta, amma da ta kifa ƙwarya ta fara buga taken da mijinta yake yi wa wani sarkin fawa, sai sunaye suka riƙa zubowa bi da bi, kowane a gurbinsa. Mai karatun harshe ya san dalili. Kalangu yana bin hawa da saukar sautin Hausa da tsawon gaɓoɓinta, saboda haka kiɗan yana riƙe da ƙirar maganar, idan hannu ya tuna sai baki ya bi. A dare na uku mahaifin ya shigo ya tarar da su. Ya tsaya a bakin ƙofa har aka gama, bai ce a kashe wayar ba. Da zai fita ya ce: "Inna, kin tsallake ɗaya, akwai wani tsakaninsu," ya faɗi sunan, ya wuce ɗakinsa. Bai sake tayar da maganar ba, ƴarsa kuma ba ta matsa masa ba, amma ta gane cewa shekara arba'in yana ɗauke da jerin nan a kansa.

Kowace shekara ɗalibai suna ƙetare Gadar Kenedi zuwa Harobanda suna neman abin da za su rubuta kundi a kansa, wasu har su yi kukan cewa an gama rubuta komai. Alhali a gidajen da suka baro da safe akwai tsofaffi masu riƙe da take da kirari da waƙar daka da ta raino, da kalmomin fawa da ƙira da saƙa da jima waɗanda babu su a ƙamusun Bargery na 1934 ko waɗanda suka biyo bayansa. Kayan aikin ba su da tsada: waya mai caji, littafin rubutu, izinin mai magana, da haƙurin zama. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lokaci, domin masu wannan sani shekarunsu sun ja, kuma galibi ba wanda ya tambaye su. Allah ya jiƙan magabata, ya ba na baya ikon tambaya tun masu amsa suna nan.