Daga Paraku Zuwa Jugu: Zangon Fatake, Zangon 'Yan Ƙwallo

Tsakanin Paraku da Jugu tafiyar kilomita wajen 135 ce a kan kwalta. Mota takan cinye ta cikin awa biyu da 'yan kai, in dai direba bai tsaya ɗaukar buhunan doya a hanya ba, kuma da wuya ya ƙi tsayawa. Kakanninmu kuwa kwanaki suke yi a kanta da jakuna. Wannan ita ce tsohuwar hanyar Gwanja, wadda ayarin fatake yake bi daga Kano, ya ƙetare Kwara, ya yada zango a Nikki da Paraku, sa'an nan ya sauka Jugu, wadda tsofaffi suke kira Zugu, kafin ya miƙe zuwa Salaga sayen goro. Kanwa da tufafi da fatu suke kaiwa, su komo da huhunan goro. Zaman da yawa daga cikinmu a ƙasar nan daga wannan hanya ya samo asali, ko da yake yaran yanzu in ka ce musu madugu ko jagaba sai su tsaya suna kallonka.

A hutun nan na bi ta, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina ba auduga ba ce ko gonakin kaju. Filayen ƙwallo ne. Kowane ƙauye da nasa, tun daga bayan gari har gadar kogin Weme a Beteru, sanduna biyu a kafe, an ɗaura igiya a sama. Yara kuwa kamar an zubo su daga kwando. Mu malaman makaranta mun san su sarai, don su ne suke zuwa aji da safe ƙafa duk targaɗe, aikin gida kuwa ba a yi ba.

Paraku gari ne da ya saba da baƙo. Nan dogon jirgin ƙasa ya tsaya da ya taso daga Kwatano, kilomita 438, tun 1936, kuma daga nan aka riƙa ɗora kayan Nijar a manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya. Ƙidayar 2013 ta ba shi mutum 255,000 da 'yan kai. Babbar kasuwarsa ma sunanta Arziki, wata unguwa kuma Albarka, wata Zongo, ka ji sunaye da ba sa bukatar tafinta a wurin Bahaushe, ko da yake Dandanci da Barbanci su ne suka fi yawo a bakin mutane. A nan aka haifi Hubert Maga a 1916, shugaban ƙasa na farko, wanda shi ma da alli ya fara cin abinci. Tun 2001 garin yana da jami'arsa.

Yana kuma da ƙungiyar ƙwallo mai tarihi, watau Buffles du Borgou, Ɓaunayen Borgu. Sun ci gasar ƙasa a 1980 da 1992, daga nan sai shiru har shekara 22, kafin su sake ɗaukar kofin a 2014 da 2017 da 2019. Duk wanda ya zauna garin a tsakiyar wancan dogon fari ya san yadda hira take mutuwa a teburin mai shayi ranar Litinin. Bayan 2019 kofin ya sake gangarawa kudu: Loto-Popo a 2021, Coton na Wida sau uku a jere daga 2022 zuwa 2024, sai Dadjè a 2025. Abin dariya, auduga a arewa ake noma ta, amma kulob ɗin da ya ci sunanta yana can bakin teku. Ga kuma ASPAC, wadda tashar jiragen ruwa ta Kwatano take riƙe da ita. To, ina ƙungiyar da take dogaro da kuɗin tikiti da taimakon ma'aikatar magajin gari da aljihun wani Alhaji za ta ja da waɗannan a wajen albashi? Ɓaunaye dai suna da suna. Dynamo ta Paraku da Panthères ta Jugu, Damisoshi, su ne suka fi sanin zafin abin: ka raini yaro tun yana buga ƙwallon tsumma, ran da ƙafarsa ta nuna sai ka ji ya shiga motar dare.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Amurka jami'o'i ne suke riƙe da manyan ƙungiyoyin matasa, a wani wasa nasu da suke bugawa da ƙwallo mai siffar ƙwai, kuma kowace shekara sukan yi rububin ɗaliban sakandare da suka fi gwaninta. Manyan jami'o'i suna kwashe na gaba-gaba, balle tun 2021 da aka yarda ɗan wasa ya karɓi kuɗin talla da sunansa. Ƙanana kuwa sai su tura mai horarwa har falon iyayen yaro, ya zauna ya ci abincinsu, ya yi alkawarin karatu kyauta, ya nuna wa yaron cewa a wurinsu zai shiga fili tun shekarar farko, a can kuwa benci zai ɗumama. Wannan zuwa gida shi ne abin da na ga ya dace da mu, kuma ba sai mun koyo shi daga Amurka ba, gadonmu ne.

Ga dalili. Jugu ba ta taɓa noma goro ba, ba ta kuma haƙar kanwa. Abin da ya gina unguwar Wangara, kusa da fadar sarki a Kilir, shi ne fatoma, mai masaukin fatake. Fatoma yakan ba baƙo ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso, sa'an nan ya ɗauki la'adarsa. Bai taɓa tunanin hana ayari wucewa ba. Abin da yake nema shi ne baɗi ayarin ya sake sauka gidansa, kuma madugu ya gaya wa wani madugu. Fatoman da ya ci amanar baƙo sau ɗaya, labarinsa yakan riga shi isa Kano.

A ganina ƙungiyoyinmu na arewa zango ne, kuma gara su yarda da haka su gyara masaukin. Yaro mai ƙafar zinariya ba zai tsufa a Jugu ba, kowa ya sani. Tambayar ita ce a gidan wa zai yi shekarunsa na 12 zuwa 19, kuma wa zai karɓi la'ada ran da ya tashi.

La'adar kuwa tana nan a rubuce cikin dokar hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA. In an sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tun daga shekara 12 har 23. Shekaru huɗu na farko kowace tana da rubu'in kashi ɗaya, sauran kowace rabin kashi ɗaya. Bari mu yi lissafi irin na aji. A ce an sayar da yaro a kan sefa biliyan 1. Kulob ɗin da ya riƙe shi daga 12 zuwa 15 yana da miliyan 10. In ya ci gaba da riƙonsa daga 16 zuwa 19, ga wasu miliyan 20. Kuma duk sa'ad da aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa, a sake biya. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris don tura waɗannan kuɗi ga masu su. Amma ofishin ba ya sauraron rantsuwa ko shaidar 'yan unguwa, rajista kawai yake dubawa. Wanda bai yi wa yaro lasisi da sunan kulob ɗinsa ba, ko shi ya saya masa takalmin farko, ba shi da ko dala.

Dubi Steve Mounié. A Paraku aka haife shi a 1994, amma tun yana ƙaramin yaro aka tafi da shi Faransa, Montpellier ta raine shi. Da Huddersfield ta Ingila ta saye shi a 2017 a kan kimanin Yuro miliyan 13, abin da ya haura sefa biliyan 8, garin haihuwarsa alfahari kawai ya samu. Ba laifin kowa ba ne, haka ƙaddararsa ta zo. Amma a gwada da Sadio Mané, ɗan ƙauyen Bambali a kudancin Senegal, wanda ya bi ta makarantar ƙwallo ta Génération Foot a Dakar, mai yarjejeniya da Metz ta Faransa. Ko kuma Mohammed Kudus, ɗan Nima a Ankara, unguwar da Hausa take kamar a gida. Makarantar Right to Dream ce ta ɗauke shi yana yaro, ta haɗa masa boko da ƙwallo, ya wuce Denmark a 2018, daga nan Ajax a 2020. Wannan makaranta ta Gana takan kuma samar wa waɗansu ɗalibanta gurbin karatu a Amurka, don haka uba yakan ba da ɗansa hankali kwance: in ƙafa ta ƙi, kai yana nan.

Nan ne maganar ta zo kanmu, mu iyaye da malamai. Uba a Zongo ba ya ƙin ƙwallo don ƙwallo. Yana gudun ɗansa ya bar makarantar allo, ya bar boko, ya faɗi jarrabawar BEPC, ya kai shekara 25 da gwiwa a karye ba sana'a. Kuma yana da gaskiya, don cikin yara ɗari da ke filin nan da wuya ɗaya ya ci abinci da ƙafarsa. Saboda haka mai horarwa da yake son yaro, filin wasa shi ne wuri na ƙarshe da zai yi magana. Ya fara zuwa zaure ya gaida uba, ya sa a yi masa sallama da uwa, don sau da yawa ita ce mai yanke hukuncin da ba a ji a waje. Ya je wurin malamin allo a daidaita lokacin atisaye kada ya ci karatun yamma. Ya zo wurinmu ya duba maki. In ya ce kulob zai biya kuɗin makaranta da littattafai, ya riƙe katin yaro duk watan da makinsa ya faɗi, ya kai shi asibiti in ya ji rauni, to wallahi ya fi mai jakar kuɗi daga Kwatano ƙarfi a cikin wannan zaure. Kuɗin karatun ɗalibai goma a CEG bai kai abin da ake kashewa a kan tsohon ɗan wasa guda da aka ɗauko daga waje ba. Ga jami'a a bakin ƙofa, da sashen aikin gona da na likitanci. Ban ga abin da zai hana ƙungiyoyin Paraku su zauna da hukumarta a tsara yadda yaron da ya ci BAC zai yi karatu da safe ya yi atisaye da la'asar ba.

Akwai wani abu kuma da makaranta take da shi wanda kuɗi ba sa saye, watau shekarun yaro na gaskiya. A 2018 an kori ƙungiyar ƙasarmu ta 'yan ƙasa da shekara 17 daga gasar share fage a Yamai, bayan na'urar asibiti ta nuna 'yan wasa 10 sun wuce shekarun da aka rubuta musu, har magana ta kai kotu a Kwatano aka yi ɗauri. Abin kunya ne da ya shafi kowa. Rajistar firamare kuwa ba ta san wannan wasa ba. Ranar da aka kawo yaro aji ɗaya yana kuka, an rubuta, kuma littafin yana nan cikin kabad ɗin darekta. Kulob ɗin da aka san shekarun yaransa ba su da gyara, masu saye za su riƙa nemansa da kansu.

Jugu ta canza tun zamanin da na yi horon malanta a cikinta. Har yanzu gari ne na masallatai da 'yan kasuwa, mahaɗar hanyoyi, ɗaya ta yi Natitingu, ɗaya ta yi Wake ta shiga Togo wajen Kara, ɗaya ta gangara Sabalu. Sakwararta da miyar gyaɗa da wagashin Fulani ba su ragu ba, na tabbatar da haka har sau biyu. Sabon abu shi ne filin wasa, ɗaya daga cikin 22 da gwamnatin Patrice Talon, wadda ta hau a 2016, ta gina a garuruwa, da ciyawar roba da wurin zaman 'yan kallo wajen 3000. Ita ce kuma ta kawo tsarin azuzuwan wasanni a makarantu, da gasar ɗalibai ta ƙasa. Watau yanzu yaron Jugu yana iya koyon tare ƙwallo a shimfiɗaɗɗen wuri, ba a kan tsakuwa ba, kuma mai neman gwanaye ba sai ya bi ƙauye-ƙauye ba, gasar makarantu ta tara masa su. Sai dai ta tara wa kowa. Mutumin Kwatano ma ya san ranar da ake bugawa, kuma motarsa ta fi sauri.

Da la'asar na zauna a bakin wani fili na makaranta ina kallon yara. Akwai wani siriri mai buga gefen hagu, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, wanda in ya karɓi ƙwallo sai hayaniya ta ɗauke. Ba ni kaɗai nake kallonsa ba. Akwai mutum biyu a kan babur da ba su yi kama da iyayen kowa ba, ɗaya yana ɗaukar hoto da waya.

Irin waɗannan ba duka ne mugaye ba, amma a cikinsu akwai masu karɓar kuɗin gona da na shanu da sunan biza, su kai yaro wata ƙasa su kashe waya. Ya kamata iyaye su sani, dokar FIFA ta hana kai ɗan wasa ƙetare kafin ya cika shekara 18, sai a waɗansu 'yan halaye ƙalilan, kamar in iyayensa ne suka ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba. Duk wanda ya zo zaurenku yana maganar Turai a kan ɗan shekara 15, ku tambaye shi takardar izninsa ta dillanci, ku tambaye shi sunan kulob ɗin da zai yi wa yaron lasisi a nan gida, da makarantar da zai ci gaba da zuwa, da wanda zai biya asibiti. Kada a sa hannu a takardar Faransanci sai an kai wa wanda ya iya karanta ta. Mu malamai ba ma karɓar ko sisi a kan wannan, kuma ana samunmu a makaranta daga Litinin zuwa Juma'a.