Babur ɗin gayu ko na hanyar gida

1/ Kuɗin shinkafar rani ne, shekara biyu ina tarawa. Dole in gwada kafin in saya.

2/ Abokina a Birnin Kebbi ya ara min Suzuki GN125, mai kujera ƙasa-ƙasa. A kan kwalta wallahi kamar kana zaune a falo, ko baya ba ya ciwo.

3/ Na shigo da shi Geza. Cikin rairayi kan ya yi nauyi, sai kokawa. Na goya Inna zuwa Bagudo, sau biyu tana cewa in tsaya ta gyara zama.

4/ Boxer ba kyau, na yarda. Amma kujerarsa doguwa ce, ta ɗauki Inna da buhu, kuma har Tsamiya bakanike ya san shi.

5/ Gobe zan biya. 'Yan ajinmu, ku fara dariyar.