Gargaɗin da Ya Yi Yawa

Direbobin ƙasar Daura suna da wani harshe da ba a koyar da shi a makaranta, kuma babu baƙi ko wasali a cikinsa. Duk wanda ya saba bin hanyar Kano ta Kazaure da Ɗambatta, ko hanyar Katsina ta Mashi, ko wadda ta miƙa arewa zuwa iyakar Kwangwalam, ya san shi. Mota na tahowa daga gaba, sai direbanta ya ƙyafta maka fitila sau biyu, wani lokaci har ya zuro hannu ta taga ya yi nuni ƙasa. Abin nufi shi ne ka sassauta, akwai wani abu a gaba, ko jami'an kiyaye haɗurra, ko kwastan, ko garken shanu, ko tirela ta kife. Sai dai kuma da wannan ƙyaftawar ake gaisawa, da ita ake neman hanya, da ita ake tuna wa mutum ya bar fitilarsa a kunne. Kukan kurciya jawabi ne, amma kurciyar da ba ta yin shiru, mai hankali ma yakan gaji da saurarenta.

A Amurka an daɗe da ɗora wa na'ura wannan aiki. 'Yan sandan can suna auna gudun mota da rada, wato na'urar da ke harba igiyar rediyo ta bugi mota ta dawo, daga canjin da aka samu a igiyar a gane saurin motar. Wani masani ɗan Ostiriya mai suna Doppler ne ya bayyana wannan ƙa'ida a 1842. Da direbobi suka ga haka, sai aka ƙera musu wani ɗan akwati da ake mannawa a gilashin gaba, aikinsa kawai ya ji ƙanshin igiyar ɗan sanda tun daga nesa ya yi ƙara. Daga baya 'yan sanda suka fara amfani da hasken leza, wanda ido ba ya gani, su kuwa maƙera suka ƙara wa akwatin idon ganin leza. Faransa da Jamus sun haramta amfani da shi, haka ma jihar Bajiniya a Amurkar kanta.

Ni ban taɓa zaton zan ga irin wannan akwati a Daura ba, sai da wani ƙanen mahaifiyata ya sayi mota 'yar Kwatano, ya tarar da shi a cikinta. Wani bakanike ya yi masa bayanin amfaninsa, ya kuwa yi murna kamar an ba shi laya. Ran nan da la'asar sakaliya muka kama hanyar Kano. Tun ba mu yi nisa ba akwatin ya tsala ihu, Kawu ya taka birki, muka dudduba, babu kowa sai jaki da kayan kara. Da muka kusa Kazaure ya sake, daidai lokacin da rana ta karkata ta dalle gilashi. Muka bi bayan wata sabuwar jif, ya yi ta kuka har ta ɓace mana. Na ce, "Kawu, anya wannan abin yana da lafiya?" Ya ce, "Ƙyale shi, ɗana, baƙo ne, bai san gari ba." Kafin Ɗambatta ya rage masa murya. Kafin mu shiga Kano ya zare shi ya sa cajin wayarsa a gurbin.

Akwatin ba lalacewa ya yi ba, halinsa ke nan. Idon nasa yana neman wani irin haske ne da ke gab da ja, wanda ake harbawa ɗis-ɗis da sauri. To, hasken rana idan ya ratso ta tsakanin itatuwa ko ya yi walƙiya a jikin ƙarfe yakan yi kama da wannan. Wasu fitilun birki na zamani ma haka. Sababbin motoci kuma da yawa suna da nasu rada ko leza na auna tazarar da ke tsakaninsu da motar gaba, har ƙofofin manyan kantuna masu buɗe kansu sukan fitar da igiya irin ta ɗan sanda. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Maƙera sun yi ƙoƙarin gyara, sun sa wa akwatin matata, sun koya masa tuna wuraren da ya saba yin ƙarya don ya yi shiru a nan. Amma duk sa'ad da aka toshe masa kunne daga ƙarya, an rage masa jin gaskiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ko gaskiyar ya faɗa game da leza, ba ta da wani amfani. Igiyar rada tana bazuwa, saboda haka akwatin kan tsinci ɓurɓushinta tun ana auna wata motar. Hasken leza kuwa siriri ne, faɗinsa a nisan mita 300 bai wuce kimanin mita 1 ba, kuma awon kan kammala kafin daƙiƙa guda ta cika. Idan akwatin ya gan shi, to, kai aka saita, kuma kafin ƙafarka ta bar totur an riga an rubuta gudunka. Wato maganarsa iri biyu ce, ko ƙarya ko labarin abin da ya riga ya wuce.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: gargaɗin me ake yi? Akwatin da ƙyaftawar fitila sau da yawa jami'i suke nuna wa direba, alhali ba jami'i ke kashe fasinja ba. Dokar hanya ta ƙasar nan ta ce kilomita 50 a sa'a cikin gari, 80 a babbar hanya ga ƙananan motoci. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu a watan Fabrairun 2017. Wannan na'ura ba ta ihu, ba ta roƙo, mai kawai take hana wa inji. A ganina ta fi akwatin Kawu mutunci.

Malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji ya san wannan ciwo. Wanda ke cewa "zan yi maganinku" sau goma kafin tara, ranar da ya ce kowa ya fita rufin aji zai faɗo, rabin yaran dariya za su yi. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, amma shi kunne yana da iyakar abin da yake ɗauka.

Mu a nan, gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne ganye. Idan babbar mota ta mutu a kan kwalta, yaron mota yakan sare rassan dalbejiya ya jera su a titi, gaba da baya, don mai tahowa ya sani. Dabara ce mai kyau, kuma ta ceci rayuka. Matsalar ita ce, idan an gyara mota aka tashi, da wuya ka ga wanda ya koma ya kwashe. Ganyen sai ya kwana, ya wuni, ya bushe a wurin. Direban da ke bin hanyar Kazaure kullum zai wuce irin wannan ganye sau da dama babu komai a bayansa, har ya daina ɗaga ƙafa. Tsofaffin direbobi sukan ce a dubi ɗanyantakar ganyen, in kore ne shar, motar tana nan, in ya yi yaushi, ta tafi. Da rana wannan yana yiwuwa. Da dare kuwa, cikin hazon hunturu, ga fitilar wata mota ta dalle ido, ɗanye da busasshe duk launinsu ɗaya, ita kuwa tirelar da ta mutu sau da yawa ko fitilar baya ba ta da ita.