Daga Jamus Zuwa Yawuri: Lissafi da Kunne a Gaban Injin Sassaƙar Ƙarfe

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, rayuwar Yelwa da Wara da garuruwan Shanga ta rataya a kan ƙarafa masu juyawa. Jirgin ruwan da ke kai 'yan kasuwa tsallake farfela ke tura shi, fadamar albasa da shinkafa injin ban ruwa ke shayar da ita, ga injin casa, ga na niƙa. A cikin kowannensu akwai sandar ƙarfe zaune a kan boris. Ranar da ta cinye, ba kanti ake nufa ba, wurin mai injin sassaƙar ƙarfe ake kai ta, ya cike ta da walda, ya sassaƙe ta ta koma daidai. A irin wannan shago na koyi aiki, yanzu kuma a wata ƙaramar masana'anta nake kusa da Stuttgart, a kudancin Jamus. Injin iri ɗaya ne, amma yadda ake tsayawa a gabansa ya sha bamban.

Bambancin ya fi fitowa a yankan ƙarshe, wanda ke ba ƙarfe santsi. A gida maigida kan saurari kukan wuƙa, ya dubi launin ɓarzar da ke zuba, ya shafa da babban yatsa, sannan ya ce wa yaro, “Rage mata gudu.” Wannan kunne ilimi ne na gaske, kuma ban ga Bajamushen da zai iya tayar da sandar da aka cike da walda sau uku kamar namu ba. Su nan jefar da ita za su yi, su yi odar sabuwa.

Sai dai a nan, ɗan koyo yakan shafe shekara uku da rabi tsakanin masana'anta da makaranta, kuma ba ya kunna inji sai ya buɗe littafin jadawali. Abin da ake dasa masa a kai guda ne: nisan da wuƙa ke matsawa a kowane juyi shi ne ke yanke hukuncin santsi. Yankan fari, na rage ƙarfe, ana iya ba shi milimita 0.3 ko fiye. Yankan ƙarshe kuwa yawanci tsakanin 0.05 ne da 0.15. Idan bakin wuƙa yana da lanƙwasar milimita 0.4, aka ba ta 0.1, zurfin zanen da za ta bari bai wuce maikiron 3 da ɗoriya ba, wato kashi uku cikin dubu na milimita. A ninka tafiyar zuwa 0.2, zanen ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi, ya haura maikiron 12. Yatsa ba ya faɗa maka haka sai bayan aikin ya riga ya lalace.

Kada kuma a ɗauka raguwa ce kullum magani. Wuƙar da aka ba tafiya kaɗan ƙwarai, ko aka hana ta nutsewa sosai, goga take yi ba yanka ba, sai ƙarfen ya fito a yayyage. Haka wuƙar kabaid idan aka juya mata ƙarfe a hankali: ɓarza kan manne a bakinta ta riƙa kartar aikin. Ita gudu take so, mita 150 ko fiye a minti ɗaya a kan ƙarfe mai laushi, alhali tsohuwar wuƙar da muke wasawa da hannu mita 25 zuwa 30 ya ishe ta. Da tsohuwar wuƙar, sandar milimita 25 ke nan za ta juya kusan sau 380 a minti.

Abin da ke damuna shi ne abin da muke yi bayan yankan ya fito da kaushi: a ɗauko samfefa a goge har ya yi ƙyalli. Ƙyalli ba awo ba ne. Mazaunin boris kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita ke raba daidai da sako-sako, samfefa kuwa ba ta ci daidai. Boris ya fara rawa, robar tare mai ta saki, ruwa ya shiga giyar injin jirgi. Wanda ke tsakiyar tafki da fasinja cike shi zai biya wannan gogewa.

Sai maganar akwatin giya. Yawancin tsofaffin injinan da suka iso mana, irin su Colchester da Harrison na Ingila, suna da akwatin da ake zaɓar tafiyar wuƙa da liba, tsarin da Wendell Norton ya ƙirƙiro a Amurka a 1892. Haƙoransa ba a yi su don a sauya su inji na gudu ba. A nan, in liba ta ƙi shiga, sai a kashe inji, a juya abin riƙe ƙarfe da hannu kaɗan har haƙora su sami juna, ta faɗa da kanta. In ta ci gaba da ƙi, a bi a hankali: ko libar sauya alkibla ta tsaya a tsakiya, ko libar yanka zare tana ciki, domin an yi injin yadda biyun ba za su shiga tare ba, ko mai ya ƙafe, ko ɓarza ta toshe. A gida na sha ganin an kai wa liba guduma.

Mafi muni shi ne ƙusa. A kan sandar da ke jan wuƙa akwai ɗan fin mai rauni, wanda aka yi da gangan don ya karye idan wuƙa ta yi karo, ya fanshi giya da ransa. Idan ya karye, mu sai mu soka ƙusa, ko guntun ƙarfe mai tauri, mu yi murna ba zai sake karyewa ba. Gaskiya ne, ba zai karye ba. Haƙorin giya ne zai tafi, kuma samun madadinsa sai an bi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, in an dace. Fin na tagulla kuwa, a kan injin kansa za a sassaƙa shi cikin 'yan mintuna.

Na san uzurinmu. Allon lambobin da ke jikin injin ya goge, wanda bai goge ba kuma da inci aka rubuta shi, ga janareta na shan mai, ga mai kaya tsaye yana jiran ya kama jirgin yamma. Amma inci 0.004 shi ne milimita 0.1, kuma gano abin da kowace liba ke bayarwa aikin wuni guda ne: a auna nisan da wuƙa ta yi a juyi ɗari, a raba.

Iyayen gidanmu na Yelwa da Wara, Allah ya ƙara muku lafiya. Ku sa yaro mai karatu ya rubuta waɗannan lambobi a kwali, a manna a bangon shago, a sayi ma'aunin maikiromita ko da ɗaya ne, a kuma zare ƙusar nan tun yau.