Tsohon Gilashi a Sabuwar Kaduna

Duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello a 'yan shekarun nan ya san Kaduna tana sauya kama, mu kuwa ba mu adana kamanninta. Shi ya sa nake zagaya garin da kyamarar zamani wadda na ɗaura wa Helios 44-2, gilashi mai milimita 58, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Zoben ƙarfe kaɗai ya haɗa su, babu lantarki a tsakaninsu. Da yatsu nake buɗe ƙofar haske, da yatsu nake murzawa har hoto ya fito tangaran.

Wannan jinkirin shi ne ribar. A gaban Zauren Lugard, kafin in gama saita ƙubbarsa, idona ya ƙoshi da yadda hazon hunturu ya lulluɓe ta. A lambun Gamji kuwa na daɗe a kan gadar da aka gina a Zungeru a 1904, aka kwance ta, aka sake kafa ta a nan. Ita ma tsohuwar ƙira ce a sabon mazauni.

Ɗalibaina kan yi kukan tsadar sababbin gilasai, alhali tsofaffin suna nan a akwatunan dattawan masu hoto, ƙura da fumfuna suna cin su. A nemo su, a goge, a ɗauki Kawo da Unguwar Shanu yadda suke a yau, domin katafila ba za ta jira mai hoto ya tara kuɗi ba.