Ankwa a Hannun Ɗan Zango

A al'adarmu ba a shiga gida sai da sallama. Ko mai unguwa ne, a ƙofa yake tsayawa har a amsa masa. Da wannan tarbiyya iyayenmu suka zauna a Nima da Mamobi da Kawukudi, kuma da ita muke auna duk wanda ya tako gidanmu, har da mai kaki.

Shi ya sa binciken 'yan sanda yake da nauyi na daban a Zango. Yawancin gidajenmu na haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya. In aka zo da asuba neman yaro guda, iyalai goma ne za su farka. A ɗaga katifar uwarsa, a zazzage akwatinta, a fito da shi da ankwa ta lungun da mota ba ta shiga, ya taka har bakin titi a kan idon masu dawowa daga masallaci. Ko an sake shi kafin la'asar, sunan ya riga ya manne masa. Maigidan da yake koya masa kanikanci zai fara ja da baya, kuma ranar da ya tashi neman aure za a tuna.

Muna buƙatar 'yan sanda, wannan ba abin musu ba ne. Lokacin da 'yan daba suka gwabza da bindiga da adda a Nima da Mamobi a Janairun 2022, shagunanmu ne aka rufe, 'ya'yanmu ne muka ɓoye a ɗaka. Amma kuma ba mu manta da Yulin 2018 ba, sa'ad da 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan Zangon Asawase na Kumasi a yankin Manso Nkwanta, aka kira su 'yan fashi, daga baya kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce bai ga hujjar hakan ba. Tun daga nan uwar ɗan Zango ba ta samun barci in an tafi da ɗanta.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne dokar Gana tana bayan mutuncin yaron. Tsarin mulkin 1992 ya ce a gaya wa wanda aka kama dalilin kama shi nan take, cikin harshen da yake ji, tare da haƙƙinsa na lauya, kuma a kai shi kotu cikin awa 48 ko a sake shi. A 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin wannan lissafi. Dokar shari'ar laifuka ta 1960 ta hana a ɗaure mutum fiye da abin da zai hana shi gudu, don haka yaron da ya miƙa wuya a gaban mahaifinsa ba ya buƙatar ankwa. Dokar yara masu laifi ta 2003 kuwa ta tanadi a sanar da iyayen wanda bai kai shekara 18 ba, kada a yi masa tambayoyi shi kaɗai, kada a haɗa shi ɗaki da manya, kada a bayyana sunansa ga jama'a. Binciken gida ma a ƙa'ida da takardar izinin kotu ake yi, sai a yanayin da doka ta keɓe.

To, 'yan'uwa, doka ba ta tashi da ƙafarta ta zo lungu. In an buga ƙofa, a amsa da ladabi, a nemi ganin takarda, a tambayi ofishin da za a kai yaron. Kada a yi kokawa, kada a tare hanya. Babba ɗaya ya sa rigarsa ya bi su, ya riƙe lokacin da aka yi kamun, ya zauna har a rubuta jawabi a gabansa. In an wuce gona da iri, ƙofar hukumar CHRAJ a buɗe take. Mai waya kuma ya ji tsoron Allah, kada ya watsa hoton yaro da ankwa a WhatsApp. Sarakunan Zango da limamanmu su tanadi mutanen da za a kira a irin wannan dare, domin marayan da ba shi da mai bin sa shi ne ya fi daɗewa a tsare.